Soja a bariki ko a fada? Muhawara a zauren 'yan Damagaram

Nana Hadiza:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu, don Allah kada a ɗauke ta da zafi. Na jera shugabannin ƙasar nan Nijar tun daga 1960: Jori Hamani, Kunce, Ali Shaibu, Mahamman Usman, Bare, Wanke, Tanja, Salu Jibo, Isufu, Bazum, Tiani. Su 11 ke nan. Shida da kaki a jikinsu suka hau, Tanja kuma kanal ne mai ritaya. Farar hula zalla huɗu ne, uku a cikinsu soja ya sauke su. Mu ne ba mu iya mulkin farar hula ba, ko sojanmu ne bai iya zaman bariki ba?

Mai kula da zaure:
Wa alaikumus salam. Tambaya ta yi. Amma ina tuna wa kowa, tun watan Yunin 2024 an mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet. Ban da zagi, ban da ƙazafi, ban da yaɗa abin da mutum bai tabbatar ba. Wanda ya ƙetare zan goge, ko da yayana ne.

Alhaji Mamman:
Amsar ai guda ce 'yata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan siyasa su gyara halinsu, soja zai zauna inda aka ajiye shi.

Malam Laminu:
Alhaji, wannan karin maganar duk juyin mulki sai an jawo ta, kuma rabin gaskiya ce. Bari mu bi su ɗaya ɗaya, tunda Nana ta ƙirgo.

A 1974 bango ya tsage ƙwarai. Fari ya cinye dabbobi, mutane na mutuwa da yunwa, ana zargin manya da karkatar da hatsin taimako, jam'iyya ɗaya ce tal tun da aka haramta Sawaba a 1959. Babu ƙuri'ar da za ta sauke Jori. Ranar 15 ga Afrilu Kunce ya sauke shi da bindiga.

Na 1996 mu Damagarawa ya fi shafa, don ɗanmu ne a kan kujera. Nafarko, wato Mahamman Usman, ya ci zaɓen 1993, ƙawancen AFC na jam'iyyun da suka mara masa baya ya watse bayan Isufu ya ajiye muƙamin faraminista a Satumban 1994, aka sake zaɓen majalisa a Janairun 1995 'yan adawa suka yi rinjaye, Hama Amadu ya zama faraminista. Shugaba ya ƙi kiran taron ministoci, faraminista yana canza shugabannin kamfanonin gwamnati ba da sa hannun shugaba ba. Kusan shekara guda ana wannan. Ranar 27 ga Janairun 1996 Bare ya ce ya zo raba gardama. To mai raba gardama sai ya tsaya takara a watan Yuli, ana cikin ƙirga ƙuri'u ya rusa hukumar zaɓe ya kafa tasa. Wannan kuma wane ɗan siyasa ne ya jawo shi?

Na 1999 fa? Soja ne a kan mulki, masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu. Babu farar hula a wannan lissafin ko ɗaya.

Alhaji Mamman:
Na 2010 fa Malam? Ko shi ma za ka wanke Tanja?

Malam Laminu:
Ba zan wanke shi ba, Allah ya jiƙansa. Ya rusa majalisa, ya rusa kotun tsarin mulki, ya yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agustan 2009 don ƙarin shekara uku. Kuma mu faɗi gaskiya, a nan ƙasar Damagaram aka fara ɗaga muryar tazarce, wajen bikin aza harsashin matatar mai a 2008. Da Salu Jibo ya kama shi ranar 18 ga Fabrairun 2010, 'yan adawa da suka yi wata da watanni suna kiran a kare tsarin mulki su ne suka fito gangamin goyon bayan soja a Yamai. Abin da nake so Nana ta lura da shi ke nan: kowane ɗan siyasar ƙasar nan ya taɓa kuka da juyin mulki, kuma kusan kowannensu ya taɓa yi wa wani juyin mulkin tafi. Ya danganta da wanda aka kayar.

Baba Ajidan:
Salamu alaikum. Ni tsohon soja ne, na ajiye kaki da daɗewa, jikana ke rubuta mini. Ina jin kuna ta cewa soja, soja, kamar mutum ɗaya ne. Ku raba abu biyu. Akwai bore, akwai juyin mulki.

Bore na ƙananan soja ne, kuma cikinsa ke sa shi. A Fabrairun 1992 yara suka kama gidan rediyo a Yamai, har suka tsare Farfesa André Salifou na ɗan lokaci, shi da ya shugabanci babban taron ƙasa, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa yau. Me suke nema? Albashin da ba a biya ba. A 2002 na Diffa suka tashi, maganar albashi ce da halin zama. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ya san watanni nawa ake yi ba a ga ko dala ba, ga darajar sefa an raba biyu a Janairun 1994. Malamin lakwal yana da sandika, ya ajiye alli ya tafi gida. Soja ba shi da sandika, ba shi da yajin aiki. In ya yi magana a hukunta shi, in ya yi shiru iyalinsa su kwana da yunwa.

Juyin mulki kuwa ba a barikin Damagaram ko na Ngigmi ake kitsa shi ba. A Yamai ake yi, mutane kaɗan, kusa da fada. Mu a rediyo muke ji kamar yadda kuke ji, washegari a ce a yi fareti.

Nana Hadiza:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. To me ya sa sauran rundunar ba ta cewa a'a?

Baba Ajidan:
'Yata, ta ce a'a ta harbi wa? Wanda kuka ci horo tare, kuka kwana rami ɗaya? Ki duba 2023. Ranar 26 ga Yuli masu tsaron fada suka tsare Bazum. Washegari babban hafsan hafsoshi ya fitar da takarda cewa runduna ta bi, don kada a zubar da jini tsakanin 'yan'uwa. Haka abin yake tun da. Wanda ya riga kama shugaba da gidan talabijin ya gama, sauran ba su son yaƙin basasa.

Ibro Zancen Ƙasa:
Ku yi haƙuri iyayena, amma duk wannan tarihin bai taɓa inda ke mana ciwo ba. Mu matasa me dimokuraɗiyyar ta ba mu? Shekara 12 na PNDS, jam'iyyar Isufu da Bazum, mai digiri yana kabu-kabu. Ana tace mai a bayan gari, mu muna bin 'yan garuwa. A Inates aka kashe soja 71 a Disamban 2019, a Shinagodar 89 a Janairun 2020, sannan bincike ya fito cewa an yi sama da faɗi da wajen miliyar 76 na sefa a cinikin makamai. Wa aka ɗaure a cikin manyan? Waɗanda suka fito zanga-zanga a kai su aka kama. Yau sojan Faransa sun tafi tun Disamban 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, litar esansi ta sauko daga 550 zuwa 499, an rage kuɗin asibiti da rabi. Zancen ƙasa ne, ba na jam'iyya ba.

Hajiya Mariama:
Ibro ɗana, maganar miliyar 76 da ka kawo ita ce ta fi komai nauyi a zauren nan, amma ka juya ta ka gani. Wa ya bankaɗo ta? A zamanin farar hula aka yi binciken, 'yan jarida suka buga, ƙungiyoyin fararen hula suka fito titi, aka kai magana kotu ko da ba ta yi daɗi ba. Har kai da kake Damagaram ka san adadin. Yanzu fa? A Fabrairun 2024 an fitar da doka da ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da na lissafin baitulmali. Ban ce an ci ko dala ba, kada a ɗora mini. Na ce in an ci, ta ina za mu sani?

Ibro Zancen Ƙasa:
Hajiya ai yaƙi ake. Ba a shelar kayan yaƙi a kasuwa. Kuma an kafa hukumar COLDEFF tana ƙwato dukiyar da aka sace.

Hajiya Mariama:
Ba a shelarsu a kasuwa, gaskiya ne. Shi ya sa majalisar dokoki take da kwamitin tsaro, mutane kaɗan da za su rufe ƙofa su duba takardu a madadinmu. Laifin depitocinmu shi ne ba su yi aikin ba. Da an ce sirrin tsaro ne sai kowa ya ɗaga hannu a wuce. Hukumar da kake faɗa kuwa, wanda ya naɗa ta shi take kai wa rahoto.

Ni na yi konseye a da, ba wani babban muƙami ba ne. Amma mata na zuwa ƙofar gidana da sassafe a kan lambatu da ya toshe ko famfon da ya ƙafe, wata har da baƙar magana, kuma dole in saurara don na san zan koma neman ƙuri'arta. Tun Afrilun 2024 an rusa majalisun gari da na jihohi, an naɗa masu riƙo. A cikinsu akwai masu ƙoƙari, na gani da idona, wani ma ya fi zaɓaɓɓen da ya gada kuzari. Sai dai wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo.

Alhaji Mamman:
Ni dai ɗan kasuwa ne, bari in faɗi abin da na gani. Ranar da aka yi juyin mulkin nan mutane da yawa a Kasuwar Dole ba su san ma wane ne Tiani ba. Wasu sun yi murna don haushin zaɓen 2021, ku san yadda garin nan yake da Nafarko. Wasu sun yi jimami don Bazum ma ɗan jihar nan ne, Tesker ta tura shi majalisa. Da yawa kuma ko a jikinsu. Abin da ya haɗa kan mutane bayan soja CEDEAO ce, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. An rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, magani ya yi wuya, shinkafa ta tashi, sannan aka ce za a kawo mana yaƙi. Mu da Kano da Daura da Katsina uwa ɗaya uba ɗaya, a ce sojan can zai shigo ta Dan Barto ya harbe mu don a mayar da mutum ɗaya kan kujera? Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, lokacin an riga an gama ɓata rawar.

Malam Laminu:
Wannan gaskiya ce Alhaji, ban da abin cewa a kai.

Amma ina so in koma kan maganar Baba Ajidan, don ya ba mu mabuɗi bai sani ba. Ya ce mutane kaɗan ne kusa da fada. Wanke shugaban masu tsaron Bare ne. Tiani ya riƙe rundunar tsaron fada tun 2011, shekara 12 a wuri ɗaya. Shugabanninmu saboda tsoron juyin mulki sai su gina wata runduna ta musamman a gefensu, su fifita ta da makamai da alawus, su ɗora wanda suka yarda da shi. Ita ta murƙushe yunƙurin 31 ga Maris 2021, kwana biyu kafin a rantsar da Bazum. Ita kuma ta tsare shi bayan shekara biyu. Kariyar da aka gina a kan amanar mutum ɗaya, ranar da zuciyarsa ta juya babu sauran kariya.

Na biyu kuma, wanda ba a son faɗa: afuwa. Tsarin mulkin 1999 a cikinsa aka rubuta afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999, har yau iyalan Bare na neman a yi shari'ar kisansa. Na 2010 ya yi wa su Salu Jibo afuwa. Taron ƙasa na Fabrairun 2025 ya ba da shawarar a yi wa na yanzu. Mu da kanmu muka kaɗa wa na 1999 da na 2010 ƙuri'ar amincewa. Hafsan da ke da shekara 30 yau me ya koya? Wanda ya gwada ya faɗi, kurkuku. Wanda ya gwada ya ci, ƙarin girma da afuwa.

Baba Ajidan:
Malam, in ba a yi musu afuwa ba za su sauka? Wanke wata tara ya yi ya miƙa wa Tanja. Salu Jibo shekara ɗaya da 'yan watanni ya miƙa wa Isufu. Da sun san kurkuku ke jiransu da har yau muna tare da su.

Malam Laminu:
Baba, wallahi wannan ita ce tambayar da ta fi ƙarfina. Na yarda afuwar ce ta sayo mana saukarsu da wuri. Abin da nake cewa, bashi muka ci, kuma kowane ƙarni sai ya biya da riba.

Abdu daga Kano:
Ina biye da ku daga nan. Ɗan Zengo ne ni, neman abinci ya kawo ni. Najeriya ta fi mu shan juyin mulki, amma tun 1999 ba a sake ba. Da Obasanjo ya hau, cikin makonnin farko ya yi wa hafsoshi 93 ritaya, duk waɗanda suka taɓa riƙe muƙamin siyasa a mulkin soja, gwamna ko minista. Hujjarsa, wanda ya ɗanɗani fada ba ya jin daɗin bariki kuma. Mu a Nijar ba mu taɓa yin haka ba, waɗanda suka yi 1996 da 1999 da yawansu sun ci gaba da aiki, wasu an sake ganinsu a 2010.

Kada ku ce ina yabon nan ɗin. Obasanjo da Buhari duk janar ne da suka canza riga, kuma soja na kan hanya a jihohi da yawa yana aikin ɗan sanda. Amma ko ba komai ana zagin shugaban ƙasa a gidan rediyon Kano da safe, mai zagin ya koma gida ya ci tuwonsa.

Ibro Zancen Ƙasa:
Yaya Abdu, da wannan zaman lafiyar taku ta Zamfara da Katsina? Mun gode.

Abdu daga Kano:
Ban ce muna da lafiya ba ƙanena. Ku ma Tillaberi ba ta samu ba tukuna, Allah ya kawo mana sauƙi baki ɗaya. Ka duba Senegal in ba ka son misalin Najeriya. Ba a taɓa juyin mulki ba tun 1960. A 2024 Macky Sall ya ɗage zaɓe, kotun tsarin mulki ta ce bai isa ba, aka yi zaɓe a Maris, wanda ya fito daga kurkuku kwana goma kafin ƙuri'a ya ci. Sojansu na bariki yana kallo. Irin tazarcen da ya kawo mana Salu Jibo ne, su alƙalai da jama'a suka kashe wutar.

Hajiya Mariama:
Mu ma kotunmu ta ce wa Tanja bai isa ba a 2009, mace ce ma ke shugabantarta, Salifou Fatimata Bazeye. Ya rusa kotun. Bambancin shi ne can shugaban ya ji tsoro ya bi.

Malam Sabi'u:
Ni ban cika magana a nan ba, amma akwai abin da ke damuna. Dattawanmu kullum Kunce, Kunce. Zamanin Kunce ma'aikaci ba ya makara, ɓarawon gwamnati ba ya barci, shugaba na iya faɗowa ofis ba sanarwa. Na yarda. Amma ana mantawa kuɗin uranium ne ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1970, da farashin ya faɗi a farkon 1980 ai tsuke bakin aljihu aka shiga. Ana mantawa da 'yan sandan ciki da suka sa mutum ba ya yarda da maƙwabcinsa, da waɗanda suka mutu a tsare. Shi kansa sojan bai bar shi ya huta ba, an nemi kifar da shi a 1976 da 1983. Yaran da ba su ga zamanin ba sun gaji labarin rabi, shi ya sa duk wanda ya sa kaki ya ɗaure fuska sai a ce ga Kunce ya dawo.

Baba Ajidan:
Malam Sabi'u ka faɗi gaskiya, amma ka bar mu da Kuncenmu. Mun ga abin da muka gani.

Ƙari ɗaya zan yi, don ku san soja ma yana biyan kuɗin siyasa. Duk hafsan da aka ɗauke aka kai shi gwamna ko minista ko darakta, an rage mutum ɗaya a fagen daga, kuma galibi ƙwararru ake ɗauka. Na ƙasa da shi yana gani: wanda ya je ofis ya yi gida da mota, wanda ya tsaya daji ya dawo da ƙafa ɗaya. Daga nan ladabi ke lalacewa. Mu da muka yi aikin mun fi kowa son a bar soja a aikinsa, a biya shi a kan kari, a ba shi kayan aiki na gaske, in ya faɗi a kula da marayunsa.

Nana Hadiza:
To yanzu ina aka dosa? An rantsar da Janar Tiani ranar 26 ga Maris 2025 na shekara biyar, kuma an ce ana iya ƙarawa in hali ya sa. An rusa jam'iyyu gaba ɗaya. Mu da ba mu taɓa kaɗa ƙuri'a ba sai yaushe?

Ibro Zancen Ƙasa:
Sai ƙasa ta zauna. Jam'iyya fiye da 100 me suka tsinana? Kuma faraministan ai farar hula ne, Lamine Zeine, ɗan garin nan.

Malam Laminu:
Farar hula ne, amma wanda ya naɗa shi da takarda ɗaya yake sauke shi. Ibro, ban ce ka daina goyon bayan wanda kake so ba. Ka ce kana tare da su don sun kori Faransa, hujja ce, Kunce ma ya kori sojan Faransa a 1974. Tambayata gare ka ɗaya ce: in shekara biyar ta cika ka ga ba su yi maka ba, ta wace hanya za ka sauke su?

Ibro Zancen Ƙasa:
Jama'ar da ta fito ta tsaya musu ita za ta fito ta ce ya isa.

Hajiya Mariama:
Da izinin wa za ta fito, ɗana? Gwamnan da zai sa hannu a takardar zanga-zangar ai mai kaki ne.

Mai kula da zaure:
Na goge saƙo biyu, masu su sun san kansu. A ci gaba amma a bar sunayen iyayen mutane.

Alhaji Mamman:
Ni abin da zan roƙa, duk ranar da aka zo rubuta sabon tsarin mulki, kada a bar wa lauyoyin Yamai su kaɗai. A sa wa shugaban masu tsaron fada wa'adi, shekara uku ko huɗu a canza shi. Kuɗin makamai kuma a samu waɗanda za su riƙa dubawa, ko da a ɗaki rufe ne, a sa tsofaffin soja irin su Baba a ciki don su suka san farashin harsashi.

Baba Ajidan:
Ni Alhaji gwiwa ta ƙare, ku nemi masu sauran ƙarfi. Amma a sa da matar soja ɗaya da ta rasa miji a Diffa ko Tillaberi. Ita ba za a rufe mata baki da ambulan ba.

Nana Hadiza:
Malam Laminu, kuna da tsarin mulkin 1999 da na 2010 a takarda? Ina so in karanta wurin afuwar da idona kafin in kai maganar aji.

Malam Laminu:
Na 2010 yana gida, na 1999 sai na bincika cikin kwali. Ki aiko ƙanenki bayan la'asar gobe, ya zo da leda don bangon ya yage.